Kujerun da Suka Raba Ni da Hulata

Sau biyu Garba mai walda yana ɗauko abin awonsa, sau biyu ina hana shi. Na ce, "Garba, tun ba ka yi gemu ba nake koyar da lissafi a Talata Mafara. Idona ya riga ya auna. Kama aikinka."

Kujerun na wata sabuwar mota ne da ta kife a hanyar Bakura, laushi kamar auduga. A-kori-kurata kuwa, wadda za a sa mata su, ta girmi babban ɗana. Garba ya ce, "To Malam, kai ka sani," ya liƙe su da walda.

Da na shiga, hulata ta daki rufi ta faɗo kan sitiyari. Ashe kujerun sun ɗara tsofaffin tsawo da taƙi guda. Na ce masa dama zafi nake ji.

Washegari na ɗauki Baffa Liman zuwa suna a Maradun. Shi gajere ne, ya zauna daram da rawaninsa. Ni kuwa kai ba hula, wuya a lanƙwashe, ina leƙen hanya ta ƙasan gira. Duk wanda muka wuce sai ya zaci gaishe shi nake, ya ɗaga hannu. Baffa ya dube ni ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ban san ka da ladabi haka ba."

Har yau Malam Ladabi ake kirana a majalisa, Garba kuma in ya hango ni sai ya ɗaga mini abin awon nan. Kujerun dai suna nan, ba na cire su. Lissafina daidai yake, rufin ne ya yi ƙasa.