Ranar da Gwiwa Ta Tona Min Asiri

Ko na so in manta da Larabar nan, gwiwata ba za ta bari ba.

Cocinmu a Daura ƙarami ne, kowa ya san shekarun kowa, ban da nawa. Da sabon fastonmu ya kafa zumuntar dattawa, sai ya zo da tsari: duk Laraba da hantsi mai keke napep zai bi gida-gida ya kwaso tsofaffi, a gwada musu hawan jini, a yi waƙa, addu'a kuma a zaune kan kujera, ba durƙuso. Ya sa sunana a ciki. Ni! Na ce masa ai har yanzu ina buga tulu a zumuntar mata, zan dai riƙa zuwa in taimaka wa tsofaffin. (Na daɗe da yin ritaya daga aikin jinya, baƙin rinin gashi ne ke rufa min asiri.) Tsorona kada a cire ni daga cikin mawaƙa a ce in huta.

Ran Larabar na taka da ƙafata zuwa coci, na ƙi shiga keken. Na raba ruwa, na gyara wa Mama Saratu ɗankwali ina "sannu Mama," alhali aji ɗaya ta ba ni a firamare.

Lokacin addu'a kowa ya zauna. Ni kuwa na ture kujera na zube gwiwa biyu a kan siminti, don a ga bambanci. Baba Dogara ne ya ja addu'ar, shi ko in ya fara sai ya bi ta kan jikoki da damina da marasa lafiya har na Baure. Aka ce amin. Na yunƙura, shiru. Na sake, gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai na runtse ido na ci gaba da motsa baki, wai ban gama ba.

Har aka fara shan kunu ina nan. Mama Saratu ta sunkuyo ta ce a hankali, "'Yar'uwa, Ubangiji ya ji. Kama sandata."

Ita da Baba Dogara suka ɗaga ni, fasto yana ta kallon rufi. Kunya kamar in nutse. A keken da na raina aka mai da ni gida, Malam Sani direba yana tambaya, "Kaka, in biyo Laraba mai zuwa?"

Na ce ya biyo. Tulun dai har yau ni ke bugawa, dama a zaune ake buga shi. Abin da na koya kaɗan ne: ana rina gashi, ba a rina gwiwa.