Ranar da na ɓatar da Baba Yohanna a takarda

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da yake wasu bayanan sun fara dushe mini. Lokacin ne mutane suka gudo daga Michika da Mubi, aka sauke wasu a wata makarantar firamare a Girei. Ban daɗe da gama digiri ba, sai aka ba ni aikin buga sunaye: waɗanda ake nema a hagu, waɗanda suka iso a dama.

Na zauna a tsohuwar kwamfutata na zaɓi wani siririn salon haruffa mai kyau (kamar katin biki nake haɗawa). Ban iya saka teburin da ke raba shafi gida biyu ba, don haka na riƙa danna maɓallin tazara har sunayen suka daidaita. Sau uku na duba.

A shagon buga takardu na Jimeta, Adda Hauwa mai shagon ta ce injinta ba shi da wannan salon, ta nemi mu buɗe mu gani tukuna. Na ce mata na riga na duba. Ina jin har da ɗan ɗaga hanci.

Ashe injin ya musanya haruffana da masu faɗi. Layukan da suka yi tsawo suka karye, sunan da ke dama ya faɗo hagu. Aka manna takardun a masallatai da coci-coci ban lura ba.

Washegari wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya tare ni a gaban jama'a riƙe da takardar. Baba Yohanna ne, wanda ni da kaina na rubuta isowarsa. Kusa da shi 'yarsa ce, ido a kumbure. Ta ga sunansa a cocinsu na Limawa cikin waɗanda suka ɓata, alhali an ce mata ya tsira.

"Ɗana," ya ce, "kwana huɗu na yi a daji ban ɓata ba. Sai a hannunka."

Mutane suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Sunaye nawa suka faɗo haka, ba ni da tabbas. Mun bi bango-bango muna gyarawa da biro. Tun ranar, ko rasit zan buga sai na karanta takardar farko a tsaye, bakin injin. Wanda ya shaida abin, in na yi kuskure a nan ma, don Allah ya sanar da ni kafin wani ya manna.