Ranar da Aka Hana Cewa Ya Isa

Kaska ta addabi Dajin Tsamiya a wannan shekarar har gaisuwa ta canza. Maimakon a ce da kai ina kwana, sai a ce ina susa, kai kuma ka amsa da alhamdu lillahi kana goga gindi a jikin itace. Giwa ta tuge bishiyoyi da dama wajen susa. Raƙumin dawa kuwa abin tausayi, wurin da ke masa ƙaiƙayi ya yi masa nisa.

Ba wai dajin ba shi da masu tsaro ba ne. Akwai rina, dakarun Sarki, masu sheƙa a rassan tsamiyar fada. Jarumai ne, amma tunaninsu gajere ne ƙwarai. Duk abin da aka kai musu suka shinshina aka ce abokin gaba ne, to za su harbe shi duk inda suka ji warinsa. Wannan shi ake kira rigakafi tun zamanin kakanni: a kai musu gawar maƙiyi su san shi kafin mai ransa ya iso. Matsalarsu ɗaya, in sun fara harbi ba su san tsayawa ba. Saboda haka aka yi sarautar Sarkin Ya-isa, wadda wani tsohon kunkuru, Malam Nomau, yake riƙe da ita. In ya ga harbi ya wuce kima sai ya miƙo wuya ya ce, "Jama'a, ya isa haka?" Jama'a su amsa, "Ya isa!" Sai rina su koma sheƙa. Ba sa jin tambayar ita kaɗai, sai da amsar.

Da susa ta kai fada, Sarki Zaki Gagarau ya tara majalisa a bainar jama'a. Kura Ɗanbarau, Ministan Lafiya da Tsaro da Rabon Nama, ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji shi. "Wannan gwamnati mai adalci ta lura da cewa akwai ƙaiƙayi. Mun kafa kwamiti, kwamitin ya gano cewa ƙaiƙayin nan gadonsa muka yi daga gwamnatin da ta shuɗe. Duk da haka ba za mu yi ƙasa a gwiwa ba. Za mu yi wa rina rigakafi irin wanda ba a taɓa gani ba, nan ba da jimawa ba susa za ta zama tarihi."

Aka yi tafi, wasu da ƙafa ɗaya saboda ɗayar na susa. Sai Sarki ya karɓi magana. Ya fara daga haihuwar kakansa, ya bi ta yaye, ya shiga farautar farko. Rana ta take, cikin kowa na kuka, shi ko bai kai kan babansa ba. Malam Nomau ya daɗe da yin barci a cikin ƙoƙonsa. Can cikin barci ya ji wani guuu mai tsawo marar yankewa, ya ɗauka rina ne suka fita aiki. Ya zabura ya miƙo wuya.

"Jama'a, ya isa haka?"

"Ya isa!" in ji dajin gaba ɗaya, da murya ɗaya, har tsuntsaye suka tashi.

Ban taɓa jin an amsa wannan tambaya da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Sarki ya ji haushi har gashin wuyansa ya miƙe. Nan take ya kafa doka: duk wanda ya sake furta waɗannan kalmomi biyu a Dajin Tsamiya za a yanke masa jela. Aka kori Malam Nomau zuwa tsallaken rafi, aka soke sarautarsa.

"Dama ofis ne na zaman banza," in ji Ɗanbarau. "Ƙasar da ke yaƙi ina ruwanta da mai cewa a tsaya?"

Sauran aiki a samo gawar kaska a kai wa rina. Ɗanbarau ya tsaya bakin hanya, sai ga wani jaki mai suna Barmo ya taho daga gona da damin dawa a baya, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Barmo manomi ne mai haƙuri, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Dawarsa ta yi kyau bana, ya yanke ta tana jibge a gona, yana kwasowa zuwa rumbu kafin gara ta gano ta.

"Kai, tsaya! Gwamnati na buƙatar kaskarka."

"Ranka ya daɗe, a ɗebi duka ma."

Ɗanbarau ya fizgo tsumman gashi daga wuyan Barmo, da kaska ɗaya ƙatuwa maƙale a jiki. A hanya ya dube ta, ta sha jini ta yi ɓul-ɓul. Ya sake dubawa. Minista ne, amma kura ne kafin ya zama minista, sai ya jefa ta baki. Da ya isa tsamiyar fada, abin da ya miƙa wa rina shi ne gashin jaki jiƙe da gumi.

"Ga abokin gaba," in ji shi. "Ku shinshina da kyau."

Suka shinshina da kyau.

Washegari Barmo bai kai rabin hanya da daminsa ba rina suka yi masa rubdugu. Ya yar da kaya ya ruga gida, kunnuwansa sun kumbura har sun fi ƙarfin tsayuwa. Matarsa Kyallu ta dube shi ta ja da baya.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

"Ni ne, Kyallu."

"Innalillahi! Maigida, me ka yi wa hukuma?"

"Wallahi aiki kawai na yi."

Ba shi kaɗai ba ne. Rina suka harbi ɓauna tana huɗa, suka harbi biri yana kaɗar ɗinya, suka harbi wata barewa tana naƙuda. Duk wanda wahala ta matso wa gumi ya zama maƙiyi. Mai zazzaɓi ya sha harbi, mai gudun harbi ya yi gumi ya ƙara sha. Babu mai cewa a tsaya, domin mai tambaya yana tsallaken rafi, masu amsa kuma suna son jelarsu. Kaska kuwa ba mai taɓa ta. Har biki suka yi a bayan kunnen giwa, da 'yan rakiyar amarya.

Dajin ya koma zaman inuwa. Kowa na tafiya a hankali, yana fifita, yana kallon sama. Barmo yakan tsaya daga nesa ya hango dawarsa, ya ga gara ta fara gini a gefen tarin. Abin ya dame shi ƙwarai, don in dawar nan ta tafi, shi da Kyallu sai cin kara har wata damina. Ya tattara ƙarfin hali ya je fada a hankali.

"Ranka ya daɗe, rina mu suke harbi, ba kaska ba."

"Ƙarya ce ta 'yan adawa," in ji Ɗanbarau daga kan shimfiɗa, ana yi masa fifita. "Duba majalisar nan kaf, wa aka harba? Babu ko ɗaya. Mai gaskiya ba ya gumi. In ka ga dabba na gumi, akwai abin da take ɓoyewa. Yawan harbin ma shaida ce cewa shirin na aiki."

Gaskiyarsa ta wani gefen, ba a harbi ɗan majalisa ko ɗaya ba. Rabon wani daga cikinsu da gumi tun ranar naɗi.

Sai aka shirya bikin murnar nasara a kan kaska. Sarki ya fito da alkyabba kan alkyabba, ya zauna a tsakiyar fili da rana tsaka don kowa ya gan shi. Dila maroƙi yana ta kirari, yana cewa Gagarau ba ya gumi, rana ce ke gumi in ta gan shi. Aka kawo farfesun kan saniya wanda aka cika wa barkono. Sarki ya sha, ya ƙara, ya suɗe ƙwarya, ya miƙe zai ci gaba da tarihin kakansa daga inda aka katse shi. Sai wani ɗigo ya fito a goshinsa, ya gangaro ta kan hanci, ya tsaya yana ƙyalli.

Tsamiyar fada ta ce guuu.

Rina suka fito kaf, ba a bar ko mai gadin sheƙa ba. Sarki ya yi tsalle, ya yi birgima, ya yi ruri, kowane motsi na ƙara masa gumi.

"Ɗanbarau! Ka faɗa musu!"

"In faɗi me, ranka ya daɗe?" in ji minista daga ƙarƙashin gadon sarauta, ya rungume jelarsa. "Doka ce. Sai dai majalisa ta zauna ta soke ta, kuma kafin a soke sai an karanta ta, kalmomin kuwa suna ciki."

"A ɗauko Nomau! Kai jaki, ruga!"

Barmo ya rusuna ya kama hanyar rafi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ajiyewa kafin ya ɗaga wata.

"Na ce ruga!"

"Allah ya ja zamaninka, in na ruga zan yi gumi."

Ya je, ya sha ruwa, ya gaisa da Malam Nomau, suka tambayi juna iyali da susa. Sannan ya goyo shi suka dawo ta hanyar da ta fi inuwa. Ko da suka iso, Sarki ya kumbura har alkyabbar ciki ta yage, idanunsa sun shige. Malam Nomau ya sauka, ya janye jelarsa cikin ƙoƙo, ya yi gyaran murya, ya miƙo wuya kamar yadda ya saba.

"Jama'a, ya isa haka?"

Giwa ta dubi ƙasa. Ɓauna ta dubi giwa. Barewa ta gyara wa ɗanta kwanciya. Kowa ya jawo jelarsa ya matse ta tsakanin ƙafafu, kamar yadda ya kamata ga talakawa masu bin doka.

Barmo ya ɗaga kai ya dubi tsamiya, ya ga sheƙa fayau. Ya dubi hanyar gona, babu rina ko ɗaya a kanta. Ya zunguri Kyallu, suka sulale ta bayan taro. Ya kori gara, Kyallu ta ɗora masa dami, ya zuba da gudu zuwa rumbu, ya dawo da gudu, gumi na tsiyaya har kofato. Ɗaya bayan ɗaya, wasu ma suka tuna da nasu aikin.

A sawu na ƙarshe, da ya biyo ta kusa da fada da sauran dawar, ya jiyo muryar Malam Nomau yana sake tambayar a hankali. Barmo ya tsaya, ya karkaɗa jelarsa ya tabbatar tana nan, ya wuce gida.