Gurneti Bai Shiga Doka Ba

Wani ne a Kebbe yake da kare, wai shi Gurneti. Wani direban tirela ne ya haɗa shi da shi a Dogon Daji, ya ce ɗan Jamus ne, uwarsa ta taɓa cinye ɓarawo har takalmi. Tun ranar mutumin nan ya ishi majalisa da kuri. Ko gardamar ƙwallo ake yi, sai ya ce a kiyaye shi, kada ya kwance igiya. Karen kuwa, in ka ga haƙarƙarinsa sai ka ba shi sadaka.

Ana nan aka yi shela an hana ajiye mugayen karnukan waje, duk mai su ya miƙa. Manyan gari suka kwashe nasu suka ɓoye a gonaki. Shi ko ya sa babbar riga, ya zauna ƙofar gida yana jiran a zo kamu, don gari ya shaida.

Ma'aikata suka zo suka leƙa. Suka tarar kaza ta kori Gurneti daga kwanonsa, ya koma gefe yana kallonta. Suka yi wa maigida sannu, suka wuce.

Majalisa ta samu abin yi. Har Atu mai shayi ya tambaye shi ko zai sayar da kazar, mai gadi yake nema.

Abin ya yi masa ciwo. Ya ɗaure karen a bayan babur, ya sha gargada har Tambuwal, gidan da ake tara karnukan da aka karɓe. Ya tarar da wurin maƙil, haushi ba a jin kunne. Mai kula da gidan, Malam Armaya'u, ya fi karnukan ramewa. Ya ce ba wuri, ba abinci, kowa ya gaji da ciyar da nasa sai ya kwaso ya ce mugu ne.

"Yallaɓai, wanga ɗan Jamus na. Ka sa min shi cikin masu haɗari, in koma gida da mutuncina."

"Shina cizo?"

"Cizo? Ni kaina tsoro nai nika ji."

Armaya'u ya miƙa wa karen hannu. Gurneti ya shinshina, ya lasa, ya kwanta ya ɗaga ƙafafu sama.

Mutumin ya ce gajiyar hanya ce. Ya yi wa karen "kama shi" da Hausa, ya yi da Fillanci, ya yi da ɗan Turancin da ya sani. Kare ya yi hamma. Sai mutumin ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa hannu da gwiwa yana gurnani.

"Duba nan, ɗan banza, ga yadda za ka yi."

Yana faɗin haka, ya kafa wa Armaya'u haƙora a ƙwauri.

Da ƙyar aka ɓamɓare shi. Armaya'u ya dubi ƙafarsa tana jini, ya kira abokin aikinsa.

"Dikko, nuna ma karen ga hanyar Kebbe. Mai shi kau, a matsa a samo mishi keji."