Ranar da Na Ba Mai Dubiya Maganin Suga

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da wata safiya ina ɗalibar aikin jinya 'yar shekara ta biyu. Lokacin nan ne da bama-bamai suka tashi a Kano aka sa dokar hana fita, gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai jiniya. Ma'aikatan ƙaramin asibitin da nake koyon aiki yawancinsu a wajen gari suke, sojoji sun tare hanya tun daga Ƙofar Nassarawa. Ni kuwa 'yar Yakasai ce, lungu uku na ratsa sai ga ni. Ɗakin mata gaba ɗaya ya rage daga ni sai Sista Rabi, shugabar ɗakin, mace mai faɗa da gaskiya.

Ranar na ji kaina ya kumbura. Sista tana can tana ɗinke wata da ta yanke, ta miƙo min tire ta ce in raba maganin safe, in karanta kowane kati da kyau. (Ni da na haddace ƙa'idojin ba da magani har ina koya wa 'yan ajinmu, wai ni ake wa tuni!)

Na zo gado na shida. Kati ya ce ƙwayar ciwon suga. Na duba sunan, sai na ga sunan mahaifiyata ne. To a gidanmu ba a kama sunan Umma. Ko ƙawata mai sunan, “Takwarar Umma” nake ce mata. Ga tsohuwa kwance a gadon ta lulluɓa da mayafi, sa'ar kakata. Ƙa'ida ta ce a tambayi mara lafiya sunanta ta faɗa da bakinta. Ni kuwa kunya ta hana ni, na durƙusa na ce, “Iya, sannu da jiki. Ke ce mai gadon nan ko?”

Ta ce, “Ni ce a kai, 'yar nan.”

Na ba ta ƙwaya, ta kora da ruwa, ta sa min albarka har da fatan miji nagari. Na yi gaba ina taku ɗai-ɗai.

Ina gado na tara sai ga wata mata ta fito daga banɗaki riƙe da buta, allurar ƙarin ruwa manne a bayan hannunta. Ta nufi gado na shida ta ce, “Yaya Abu, matsa min in kwanta.” Sannan ta ɗago ta ce da ni, “Malama, yau ba a ba ni maganina ba.”

Innalillahi! Ashe tsohuwar yayarta ce, ta zo dubiya daga unguwar Sheshe tun jiya doka ta rutsa da ita, bayanta ya gaji da tabarma ta ɗan hau gado. Ba ta da suga, kuma tun jiya ba ta ci komai ba, ɗan kokon da ya rage ta ba ƙanwar.

Zan faɗi gaskiya: na yi tunanin yin shiru. Ba wanda ya gani. Amma na san abin da ƙwayar nan take yi wa cikin da ba komai, kuma na san tsohuwa za ta iya mutuwa a cikin barci. Na ruga wajen Sista na faɗa mata.

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauko na'urar gwaji, ta kira likita a waya, ta ce in nemo sukari. Kantuna a rufe. Haka na bi gado-gado da farin kayana ina roƙo, wannan ta ba ni ƙwayar sukari biyu, waccan dabino, wata guntun gurasa. Kafin azahar Iya Abu ta fara gumi, hannunta na karkarwa. Na zauna gabanta ina ɗura mata ruwan sukari, ina huda yatsanta don gwajin suga duk bayan rabin awa, ina kuka kamar ni aka huda.

Sai da la'asar ta dawo daidai. A nan Sista ta juyo kaina, a gaban kowa.

“Me aka rubuta a katin?”

Na ce, “Sunan Umma.”

“Umman wa? Karanta min!”

Wata tsohuwa daga can ta ce, “Haba Sista, tarbiyya ce.”

Sista ta ce, “Tarbiyyar ta kusa sa mu wankan gawa. Karanta!”

Na rufe ido na ce, “Hauwa'u.” Karo na farko a rayuwata. Na ji kamar in nutse.

Iya Abu ta kamo hannuna ta ce da Sista, “Ki bar ta haka, ni ma da laifina. Na ga likita ta durƙusa ta miƙo min, in ce a'a? Ga gwiwata na ciwo, na ce ko Allah ne ya kawo min sauƙi.” Ɗaki ya fashe da dariya, ban da ni.

Sista ta sa na rubuta rahoton kuskuren da hannuna, ta sa hannu a ƙasa, ta ƙara layi ɗaya: ɗalibar ce ta kawo kanta cikin minti biyar. Layin nan ne ya hana a kore ni, sai dai na maimaita zango guda.

Yau shekaruna da yawa a aikin, kuma an san ni da rashin kunya a bakin gado. Ko ke matar wane ce, ko kin yi jika da ni, sai kin faɗi sunanki da na mahaifinki kafin ƙwaya ta bar hannuna. Gara a ce ba ni da tarbiyya, mai cewar tana raye.