Yadda Ake Bikon Mata da Takalmin Kanti

In matarka ta yi yaji, kuma da sauran kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, a aljihunka, to gyara zama. Na yi maka alkawari, muddin ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, tuwon hannunta za ka ci daren Asabar. Ba sai ka tara dattawa ba, ba sai ka sha rubutu ba, takalmi ne zai yi aikin. Gwadaddiyar hanya ce: Falalu, malamin gona da muke ofis ɗaya a Kazaure, da ita ya dawo da matarsa daga Roni, kuma a gabana aka yi. Zan riƙa kiran matarka Amna, surukinka Baba Kura, don sunayen mutanen Falalu ke nan. Kai sai ka sauya da naka.

1. Ka san laifinka, amma ka bar shi a ciki

Gwamnati ta juye maka ariyas, ka tashi ka sayi rediyo mai kaset da wando mai faɗin ƙafa wanda yake share wa En'e titi kyauta. Amna ko ɗankwali ba ta gani ba, alhali langar da take zuba maka tuwo ta sha liƙi har ta gaji. Ta tattara ta tafi gidansu, kuma da gaskiyarta. Ni ma da ni ne ita da tuni na kai Roni.

Kada ka je da kanka. Tura Kawu Daudu, ƙanen mahaifiyarka, mutumin da bakinsa ba ya gajiya. Zai dawo ya ce maka Baba Kura ya rantse 'yarsa ba za ta koma ba sai ranar da ka yi hankali. Zai kuma ƙara da cewa tsohon bai nemi komai ba, amma tun da aka fara magana har aka shafa fatiha yana ta jujjuya tsohon takalminsa da aka ɗaure maɗaurinsa da waya. To, abin nema ya samu. An faɗa maka kuɗin hankalinka ke nan.

2. Samo awon ƙafa

Nan ne wahalar take. Suruki ba a kallonsa ido cikin ido, balle ka tsuguna ka ce, Baba, miƙo ƙafarka. Ko ka tambayi lamba ma, shi bai san ƙafa tana da lamba ba, motar haya ya sani da lamba.

Abin da iyayenmu suke yi shi za ka yi. A sami tsinken tsintsiya, a gwada shi da tsohon takalmin daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya daidai. Kawu ya raɗa wa Amna, ita ce za ta auna lokacin da tsohon ya shiga salla. In ta aiko da tsinken, yi hamdala, har yanzu tana sonka. In ta aiko da tsintsiyar gaba ɗaya, rufe takardar nan, maganarka ta fi ƙarfina.

3. Kada kowa ya ji za ka Kano

Za su ji. Kafin ka isa tasha unguwa ta kewaye ka. Wannan yana son takalmin roba, ga tsinkensa. Waccan tana son na 'ya'yanta, ga tsinkaye huɗu. Wani ƙwan fitila, wata murfin langa kawai, wai gindin yana nan lafiya. Sai ka tsinci kanka riƙe da damin da zai iya share masallaci.

Mutum mai tsari ba ya haɗa tsinken surukinsa da na talakawa. Ware na Baba Kura, ka soke shi a aljihun gaban rigarka kusa da biro, inda hannunka zai kai gare shi ko ba ka duba ba. Riƙe wannan, shi ne ginshiƙin aikin duka.

4. Ci nama kafin ka shiga kanti

Mai yunwa ba ya ciniki, komai aka ce masa sai ya ce ya saya. Saboda haka da ka sauka daga motar Daura da ta ɗauko ka a Kazaure, nemi mai nama a Fagge. Balangu za ka ce a yanka maka, ban da tsire. Tsire da tsinkensa yake zuwa, sai ya ɓata mana shiri.

Ci a tsanake. Jijiya za ta maƙale maka a turmin haƙori, harshe zai yi iya yinsa ya kasa. Kada ka yi tunani, bar hannunka ya yi abin da ya saba. Zai shiga aljihun gaba, ya zaro tsinke, ya karyi gwargwadon gaɓar yatsa, ka yi sakace mai daɗi ka tofar. Sai ka miƙe tsaye za ka tuna tsinken waye. Falalu a nan ya yi salati ya durƙusa yana laluben guntun a cikin ƙasa, har mai naman ya ɗauka zobe ya yar. Kai kada ka wahalar da kanka, maida ragowar aljihu ka yi gaba.

5. Shiga kanti kamar ka saba

Nufi layin manyan kantunan nan da aka gina tun zamanin Turawa, masu baranda da gilashi, waɗanda kafin a ba mu mulkin kai irinmu ba ya shiga sai in kukun Bature ne da kwando. Yanzu ƙasar tamu ce, kuɗin fetur kuma bai san fata ba. Abu ɗaya: kada sheƙin daɓen ya ruɗe ka ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ba zauren hakimi ba ne, kuma in ka fito ba lalle ka same su ba.

Mai kantin Kwara ne, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, Hausarsa ta fi taka, zai kuma naɗa ka Alhaji tun ba ka yi sallama ba. Ajiye masa tsinken a kan teburi. Ba zai yi mamaki ba, tun ana dalar gyaɗa yake auna tsinkayen mutanen ƙauye. Sai dai zai ɗaga shi ya duba bakin.

“Alhaji, wannan sabon kari ne. Na yaro ne ko na babba?”

“Na dattijo ne,” za ka ce, fuskarka a ɗaure. “Ƙafarsa ce ƙarama, irin ta masu asali.”

Zaɓi baƙin sau-ciki mai taurin fata, wanda yake kuka in ana tafiya. Takalmin da ba ya kuka, wa zai san an saye shi a kanti? Zai gaya maka kaya in sun fita ba sa dawowa, ka ce ka ji. Daga nan sayi jerin langa mai fure da turmin atamfa na Amna, ka kai gida ka ɓoye. Na maƙwabta kuwa ka kwaso yadda ya sawwaƙa, in sun taru sa raba a tsakaninsu.

6. Miƙa kyautar a gaban jama'a

Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da zauren Baba Kura ya cika da abokan cinikin hatsinsa. In ka kai a ɓoye ka yi asara. Kai tsuguna can gefen ƙofa, kanka a ƙasa, Kawu Daudu ya buɗe kwalin ya ɗaga takalmin sama kowa ya gani.

Dole a ce Baba Kura ya gwada. Yatsu za su shiga, dunduniya ta ce ba da ita ba. Zai sa yatsa, zai cije leɓe, a ƙarshe a aika cikin gida a ɗauko cokali. Da ƙyar da jibin goshi ƙafa za ta shige. Sai wani ya tambaye shi ko ya yi daidai.

Ka san mutumin da kake hulɗa da shi. Dattijo ne mai ji da kansa, wanda ya gwammace ya haɗiyi garwashi da a ce ya kushe kyautar suruki a bainar jama'a. Kuma ba zai yarda a tafi da labarin cewa ƙafarsa ta fi ƙarfin takalmin kanti ba.

“Madalla,” zai ce. “Kamar an auna.”

Nan take Kawu ya sanar cewa ka ɗau alkawari, muddin Amna tana gidan nan, duk mako sai ka je Kano ka yo wa Baba tsaraba. Mako mai zuwa hula ce.

7. Raka shi masallaci

Wanda aka yi wa sabon takalmi ranar Juma'a ba shi da hujjar barinsa a gida. Roni kuwa ka san ta, hawa da gangara da tsakuwa. Bi shi a baya, da 'yar rata irin ta ladabi. Takalmi yana kuka, jama'a suna ta sam barka, tsoho yana amsawa da murmushi, gumi yana tsiyaya daga gemunsa.

Zuwa ba komai ba ne, dawowar ce. Ya tuɓe ya yi salla, ƙafa ta sha iska ta kumbura, ga shi babu cokali a masallaci. Ɗaukar takalmin a hannu kuma cin fuska ne a gare ka, ga ka tsaye kana jira. Haka zai sake cusa ta. Ranar Falalu ina wurin, wallahi na tausaya wa tsohon nan, sai da na kau da kai. Kai kada ka tausaya, in ka tausaya ka rasa mata.

8. Koma gidan masaukinka ka jira

Kada ka ƙara cewa komai. Bayan la'asar Baba Kura zai zauna a tsakar gida, ƙafafunsa cikin daron ruwan ɗumi da gishiri, ya sa a kira masa 'yarsa. Amna da kanta ta ba mu labarin yadda suka yi.

“Amna, haɗa kayanki. Yau za ki koma ɗakinki.”

“Baba, ai ka ce sai ya yi hankali.”

“Na faɗa. Ki tafi kafin ya sayo mini hular nan. Ƙafa in ta lalace ina da sanda, kai kuwa guda ɗaya gare ni.”

Kafin magariba tana bakin titi da ƙullin kayanta tana jiran mota.

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe hannun kowa ba. Ba ruwana da amsar da za ka ba Amna in ta tuna maka cewa ita ta auna tsinken nan da hannunta, miƙa mata langa da atamfa ka kama tari. Ba ruwana in surukinka irin masu faɗar gaskiya ne, ko irin masu jifa da abin da ke hannunsu. Kuma na wanke hannuna tas daga duk wanda ya ga ya fi ni wayo ya tsallake balangu. Haladu na Gwiwa haka ya yi, ya kai tsinkensa Kano lafiya lau, takalmi ya zauna wa surukinsa ɗas. Yanzu tsohon ya samu hula, ya samu bargo da buta da fitilar ƙwai, yana maganar gadon ƙarfe. Matar Haladu kuwa tana can gidan ubanta, an ce har ta yi ƙiba.