Maganin Tari a Babban Duhu

Shekarar da naira ta fito ina koyon aikin lafiya, aka tura mu garin Babban Duhu mu gano tsofaffin da kaɗaici ke damu. Ni a ganina kallo ɗaya ya ishe ni.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni da maigida kullum muna hira." Sai na ji tari daga cikin ɗaki. Na ɗaga murya na gaishe shi, har na bar masa magani.

Na bugi ƙirji gaban mai unguwa cewa wannan ba ta da kaɗaici. Ya dube ni ya ce, "Da hannuna na sa mijinta a kabari." Wanda ya yi tarin kuwa, ban taɓa sani ba.

Har yau in na haɗu da abokan karatuna, gaisuwarsu ɗaya ce: "Likita, ya mai jiki?"